Kundin bibiyar jinyar ɗaukewar numfashi a cikin barci, daga hunturu zuwa bayan sallah

Wannan kundi na majinyaci ɗaya ne, direban tirela mai shekara 52, an sakaya sunansa. Ana rubuta abin da aka auna, abin da aka canja, da dalilin canjin.

13 ga Janairu 2025

Hawan jini ne ya kawo shi. Yana shan magani iri uku, amma awon yau 158 bisa 98. Maganar barci ba ta taso ba sai da aka tambayi uwargidansa. Ta ce minsharinsa har ɗakin yara ake ji, sai can ya yi shiru ɗif, ƙirji na motsi amma babu iska, sannan ya zabura da gurnani ya ci gaba. Wannan shirun ne cutar. Minshari karkarwar tattausan naman bayan ganɗa ne da beli lokacin da iska ke kutsawa ta matsattsiyar hanya. Idan hanyar ta rufe gaba ɗaya, ƙarar ma sai ta ɗauke.

Tsakanin bayan hanci da maƙogwaro babu ƙashin da ya tokare hanyar iska, tsoka ce kawai ke riƙe da ita a buɗe. Barci na sassauta tsokar. Ga mai kaurin wuya ko babban harshe ko gajeren muƙamuƙin ƙasa, zuƙar numfashi kaɗai ta isa ta manne hanyar, kamar yadda lallausar mesa ke mannewa idan aka zuƙe ta da ƙarfi. Oksijin na jini ya sauka, ƙwaƙwalwa ta farkar da shi na 'yan daƙiƙoƙi, tsoka ta ɗame, iska ta wuce, ya koma barci bai san an yi ba. Kowace farkawa tana zuwa da saurin bugun zuciya da tashin jini. Shi ya sa jinin irin wannan mutum ba ya sauka da dare kamar na kowa.

Awo: nauyi kilo 108, tsayi mita 1.72, ma'aunin ƙiba na BMI 36.5, kewayen wuya santimita 44. A tambayoyi takwas na STOP-Bang, waɗanda Frances Chung da abokan aikinta suka fitar a Toronto a 2008, ya ci takwas cif: minshari, gajiyar rana, an ga numfashinsa na tsayawa, hawan jini, BMI sama da 35, shekaru sama da 50, wuya sama da santimita 40, kuma namiji. Daga biyar zuwa sama haɗari ne babba. A ma'aunin gyangyaɗi na Epworth ya sami 16 cikin 24, alhali sama da 10 ya riga ya wuce ƙa'ida.

Yana tashi fitsari sau huɗu a dare, ya ɗauka ciwon mafitsara ne. Yunƙurin jan numfashi a kan rufaffiyar hanya yana miƙar da bangon zuciya, ita kuma ta saki wani sinadari mai sa ƙoda ta zubar da ruwa da gishiri. Ya kuma ce wani lokaci yakan farka a shaƙe, mutanen gida na cewa dannau ne. Dannau daban: mutum na farke, yana gani, ya kasa motsi. Shi wannan zabura yake yi yana haki, jikinsa na motsi lafiya lau.

An faɗa masa kai tsaye ya ajiye doguwar tafiya da tuƙin dare har sai an shawo kan gyangyaɗin. Masu wannan cuta da ba a yi musu magani ba sun ninka sauran direbobi haɗarin mota fiye da sau biyu. An ɗebi jini don suga da aikin ƙwayar maƙoshi (thyroid).

17 ga Janairu

Gwajin barci na gida bai yi ba. Siririn bututun hanci ya zame wajen ƙarfe ɗaya, abin da aka naɗa bai kai awa uku ba. A ƙalla ana son awa huɗu masu kyau. Za a maimaita, a liƙe bututun a kumatu biyu da filasta, a liƙe wayar na'urar auna oksijin ta yatsa a bayan hannu.

21 ga Janairu

Gwaji na biyu ya yi: awa shida da rabi, tsayawa ko raguwar numfashi sau 299. Ana ƙirga tsayawa idan iska ta ragu da kashi 90 cikin 100 na daƙiƙa 10 ko fiye. Ana ƙirga raguwa idan ta ragu da kashi 30 na daƙiƙa 10, tare da saukar oksijin da maki uku ko farkawa. Idan aka raba jimillar da awanni, a sami lambar da ake kira AHI. Tasa 46 ce a awa. Daga 5 zuwa 14 mai sauƙi ce, 15 zuwa 29 matsakaiciya, 30 zuwa sama mai tsanani. A kwanciyar rigingine 68, a kwanciyar gefe 24. Oksijin ya taɓa sauka har kashi 74 cikin 100.

Lambobin nan biyu, AHI da oksijin, duk sun fi gaskiya kyau, kuma ya kamata duk mai karanta irin wannan takarda ya sani. Na'urar gida ba ta san lokacin da mutum ke barci da lokacin da yake kwance ido biyu ba, tana rabawa ne da dukan lokacin naɗi. In ya yi awa ɗaya yana juyi, ainihin AHI ɗinsa ya haura 50. Na biyu, na'urar oksijin ta yatsa da haske take aiki, kuma ta fi yin kuskure a baƙar fata, inda take nuna lamba sama da ta gaskiya. Wani bincike na Jami'ar Michigan a 2020 ya nuna ta kan ɓoye ƙarancin oksijin a baƙaƙe kusan ninki uku na farare. Saboda haka idan gwajin gida ya fito da kyau ga mai alamomi masu ƙarfi, ba a sallame shi, a tura shi cikakken gwaji na kwanan asibiti mai wayoyi a kai. Mai ciwon zuciya ko na huhu, ko mai shan tramadol da dangoginsa, tun farko ma gwajin asibiti ya dace da shi.

Ƙwayar maƙoshi lafiya. Suga na kan iyaka.

24 ga Janairu

Zaɓin magani. Ya zo da tambayar da kusan kowa ke zuwa da ita: a cire beli mana, minsharin ya tafi. An yi masa bayani cewa toshewar ba wuri ɗaya take ba, akwai bayan harshe da bangon maƙogwaro na gefe. Ko aikin tiyata na asibiti, wanda Fujita ya bayyana a 1981, inda ake yanke beli da wani sashe na tattausan naman da tonsil, sau da yawa yana rage ƙara ne ya bar ɗaukewar numfashin, musamman ga mai ƙiba. Wannan ya fi muni, domin ƙararrawar da ke faɗakar da iyali ta tafi, cutar tana nan. Askar wanzami kuwa ba ta da hurumi a nan, sai zubar jini da kamuwa da cuta. Yara ne tiyata ta fi yi wa amfani, domin su galibi kumburin tonsil da naman bayan hanci ne ke toshe su.

Akwai robar baki da likitan haƙori ke ƙerawa, mai turo muƙamuƙin ƙasa gaba da 'yan milimita. Tana aiki ga mai sauƙi da matsakaici, tana bukatar isassun haƙora masu ƙwari sama da ƙasa, kuma tana iya kawo ciwon gaɓar muƙamuƙi da sauya haɗuwar haƙora. Shi turamensa na ƙasa uku sun fita, ga AHI 46. Kwanciyar gefe kaɗai ba za ta wadatar ba tunda ko a gefen 24 yake.

Saura CPAP, na'urar da Colin Sullivan ya fito da ita a Sidni ta Ostareliya a 1981. Ba oksijin take bayarwa ba, iskar ɗaki ce take turawa da ɗan ƙarfi ta mesa zuwa takunkumi, iskar ta tokare hanya kada ta manne. Ana auna ƙarfin da santimita na ruwa, daga 4 zuwa 20.

Wani ɗan'uwansa ya samo masa ta gwanjo. An duba lambarta, ta faɗa cikin waɗanda kamfanin Philips ya janye a watan Yunin 2021, saboda soson rage ƙara da ke cikinsu yana ruɓewa ya shiga mesa, kuma zafi da laima na hanzarta ruɓewar. An mayar da ita. Duk na'urar gwanjo a duba abu uku kafin a biya kuɗi: ko tana cikin janyayyu, awanni nawa injinta ya yi, da ko tana warin taba ko fumfuna. Takunkumi da mesa da tankin ruwa kuwa sababbi ake saye.

31 ga Janairu

An haɗa masa na'ura mai daidaita ƙarfinta da kanta, an sa mata iyaka daga 6 zuwa 16. Ba a fara daga 4 ba, domin babban mutum a 4 ji yake kamar iska ba ta ishe shi ba, sai ya fizge takunkumin. Yana da cikakken gemu, don haka an bar takunkumi mai rufe baki da hanci, wanda robarsa ba ta kama fata a kan gashi. An ba shi mai 'yan matasai biyu da ke zama a ƙofar hanci.

Ana ɗaura takunkumi ne a kwance, na'ura na aiki, domin fuska na canja siffa idan mutum ya kwanta. Igiya ta bar wurin da yatsa biyu za su shiga. An nuna masa 'yan ramukan da iska ke fita kullum a gaban takunkumin, aka ja masa kunne kada ya toshe su: ta nan iskar da ya fitar take fita. Aikin gida: ya riƙa saka shi minti 20 da rana yana sauraren rediyo, kafin dare.

7 ga Fabrairu

Katin da na'ura ke naɗe bayanan aikinta a ciki, na mako guda: matsakaicin amfani awa 2 da minti 50, AHI 7, yoyon iska har lita 38 a minti. A wannan samfurin, sama da lita 24 matsala ce, domin na'urar ba ta iya gane numfashi daidai, lambar AHI da take bayarwa ma ba abin dogaro ba ce.

Jadawalin yoyon ya nuna tashi farat ɗaya da sauka farat ɗaya, shi kuma yana farkawa baki a bushe ƙayau. Wannan yoyon baki ne, ba na gefen takunkumi ba. Sarƙar abin ita ce: iskar hunturu busasshiya ce, na'ura ta tura ta hanci, hanci ya bushe ya kumbura, ya buɗe baki, iska ta riƙa shiga hanci tana fita baki, hanci ya ƙara bushewa. Ya yi ƙoƙarin gyarawa da ɗame igiya har karan hancinsa ya yi ja. Ɗamewa na murƙushe robar ne, yoyon ya ƙaru.

Gyara: an kunna ɗumama tankin ruwa a mataki na huɗu, an ba shi igiyar haɓa, da ruwan gishiri na wanke hanci kafin kwanciya, da feshin hanci na fluticasone, wanda sai ya yi kwanaki kafin a ji aikinsa. An karɓe ɗigon hanci mai oxymetazoline da ya saya a kemis. Wannan yana buɗe hanci nan take, amma in an wuce kwana uku zuwa biyar ana amfani da shi, hanci na toshewa fiye da da. An hana shi shafa basilin a hanci, yana lalata robar takunkumi.

Matatar iska ta bayan na'ura ta koma ja cikin kwana bakwai. Takardar kamfani ba ta san hazon hunturu ba. A wannan lokaci duk mako za a duba, a canja da zarar ta sauya launi, kuma a ɗaga na'urar daga ƙasa a kan ɗan teburi, amma kada ta fi kansa tsawo, don ruwan da ya taru a mesa ya koma tanki maimakon hancinsa.

Ruwan tanki: tataccen ruwa marar gishiri. Wanda ake zuba wa batir ya yi idan tataccen ne zalla a rufaffiyar kwalba, amma a karanta kwalbar da kyau, domin akwai mai asid a ciki, shi kuwa guba ne a huhu. In babu, a tafasa ruwa a bar shi ya huce. Zai bar farin dutse a gindin tanki, a jiƙa shi da ruwan khal duk mako a ɗauraye sosai. Kullum da safe a zubar da ragowar a kife tankin.

14 ga Fabrairu

Yoyo ya sauka zuwa 14, amfani awa 4 da minti 10. Dare uku cikin bakwai katin ya nuna na'ura ta mutu tsakar dare: ɗauke wuta. Ba ya shaƙewa idan wuta ta ɗauke, farkawa kawai yake yi, amma ragowar daren ya tafi babu magani. Kuma ragowar daren ne mafi muni, domin barcin mafarki ya fi yawa gab da asuba, a cikinsa ne tsokoki suka fi saki, tsayawar numfashi ta fi tsawo.

An auna cin wutarta da mita. Awa takwas babu ɗumama ruwa, kimanin wat-awa 90. Da ɗumamawa, kimanin 350. Injin iskar ba shi da ci, hitar ce mai cin wuta. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200, amma na dalma ba a cinye fiye da rabinsa in ana so ya daɗe, saura 600. Ke nan dare shida babu hita, ƙasa da dare biyu da hita. An sayi wayar da ke haɗa na'urar kai tsaye da batir, wadda aka yi don wannan samfurin, aka kauce wa inbata da asarar da take yi. Wanda dole sai ya bi ta inbata, ya nemi mai ba da tsaftatacciyar wuta, domin mai araha na iya ƙona hitar. A daren batir, ruwa na cikin tanki amma hita a kashe. Iskar da ta bi ta kan ruwa tana ɗan ɗaukar laima ko babu zafi. Farantin sola na gidan ya isa ya cika batirin da rana.

Wannan haɗin ne kuma zai bi shi cikin mota idan ya koma hanya, amma da batirinsa daban, ba na tayar da mota ba.

24 ga Fabrairu

Amfani awa 5 da minti 40, AHI 4.1. Yawancin dare na'urar tana zaune ne tsakanin 10 da 12, kuma kashi 95 cikin 100 na lokaci ba ta wuce 12.4 ba. An matse iyaka zuwa 9 da 14. Dalili: in ta fara daga 6, sai numfashi ya tsaya sau da dama kafin ta hau inda ake bukata, kullum tana bin cutar a baya.

Ya yi kukan kumburin ciki da gyatsa da safe, wato yana haɗiyar iska. An kunna sassauta ƙarfi lokacin fitar da numfashi a mataki na biyu, an ɗaga kan gado da bulo kamar santimita 12, an ce ya bar cin abinci mai nauyi dab da kwanciya.

Cikin 4.1 ɗin nan, kusan 2 irin wanda hanya ke buɗe ne amma ƙwaƙwalwa ba ta ba da umarnin numfashi ba. Yana faruwa ga wasu a farkon CPAP, yawanci ya wuce da kansa cikin wata biyu zuwa uku. Ba a ƙara masa ƙarfin iska, ƙarin ma na iya tsananta shi. An sake tambayarsa batun tramadol da maganin tari mai kodin da ƙwayar barci, tunda suna danne numfashi. Ya ce ba ya sha.

Fitsarin dare ya koma sau ɗaya.

6 ga Maris

Azumi ya raba barcinsa uku: bayan tarawi zuwa sahur, bayan asuba, da ƙailula. Katin ya nuna awa 3 da rabi kacal, don a na farko kawai yake saka na'ura. An tuna masa cewa maƙogwaro bai san dare da rana ba, duk inda barci ya zo na'ura ta zo. Tambayar ko tururin tanki na taɓa azumi an bar ta ga malaminsa. Ta fannin lafiya, zai iya cire ruwan a barcin rana ba tare da wata illa ba in ban da bushewa.

A Amurka, ma'aunin da inshorar gwamnati ke bi shi ne awa huɗu a dare, a kashi 70 cikin 100 na darare. Wannan ma'aunin biyan kuɗi ne, bai kamata a mayar da shi burin jinya ba. Babban gwajin SAVE da aka buga a 2016 bai ga CPAP ta rage bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ba, amma matsakaicin amfanin mutanen ciki awa 3.3 ne a dare. Abin da aka tabbatar shi ne tana kawar da gyangyaɗi, tana ɗan rage hawan jini, ragin ya fi fitowa ga wanda jininsa ya ƙi magani kuma yake kwana da ita. Burinmu a nan duk barcinsa, ba ƙasa da awa shida ba.

20 ga Maris

Jimillar barci uku: awa 6 da minti 5. Zafi ya shigo, gumi na zamar da matasan hanci. Wanke fuska kafin kwanciya, wanke robar kullum da sabulu marar turare, shanyawa a inuwa. An rage hita zuwa mataki na biyu.

10 ga Afrilu

Awa 6 da minti 25, AHI 2.3, yoyo 11. Epworth ya sauko daga 16 zuwa 7. Hawan jini 142 bisa 88 a kan magungunan nan uku, ba a taɓa ko ɗaya ba. An kwana da na'urar yatsa tare da CPAP, oksijin bai sauka ƙasa da 91 ba. An yarda ya koma tuƙi da sharuɗɗa: na'ura a kowane zango, hutu duk awa biyu, kuma in ya kwana babu ita, washegari babu doguwar tafiya. Cutar tana dawowa cikin dare ɗaya ko biyu da ajiye na'ura.

Nauyi kilo 104. Binciken Wisconsin na shekarar 2000 ya nuna ragin kashi 10 cikin 100 na nauyi yana tafiya da ragin kusan kashi 26 na AHI, ƙarin kashi 10 kuma da ƙarin kashi 32. A wurinsa kashi 10 kilo 11 ne, an samu huɗu, kuma na azumi kan dawo bayan sallah. Ko ya kai, 46 za ta koma wajen 34 ne, har yanzu mai tsanani. Rage ƙiba zai rage ƙarfin iskar da yake bukata, ya taimaki suga da jini, amma ba a yi masa alkawarin rabuwa da na'ura ba. Ya ji labarin allurar tirzepatide, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a Disamban 2024 don wannan cuta ga masu ƙiba. An yi maganarta, tsada da samuwa suka tsayar da zancen a nan.

Abin da ya rage: sabbin matasan hanci, domin na yanzu sun fara laushi, duba katin na'ura bayan tafiyarsa ta farko zuwa Legas, a ga ko laimar kudu za ta tara ruwa a mesa, maimaita gwajin suga a Yuli, da sabon gwajin barci babu na'ura idan nauyi ya sauka ƙasa da kilo 97. Ƙaninsa mai shekara 45, wanda shi ma aka ce yana yin shiru a tsakiyar minshari, an ba shi ranar 24 ga wata.